Tallafin gwamnati ga 'yan fim: me ya hana shi isowa Daura?

Tambaya daga wani matashi a Daura: "Assalamu alaikum, Malam. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, muna ɗora gajerun finafinai a YouTube. Kullum muna jin an ware biliyoyi domin 'yan fim, amma ko sisin kwabo bai taɓa isowa gare mu ba. Mahaifina kuma cewa yake gwamnatin da ba ta gama da asibiti da tsaro ba, ba ta da hujjar kashe kuɗi a kan wasan kwaikwayo. Shin ya dace gwamnati ta tallafa wa fim da talabijin? In ya dace, wane irin tallafi, kuma me ya hana shi zuwa wurinmu?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa ban raina maganarsa ba, zan kuma zo kanta. Ya dace gwamnati ta tallafa, amma mafi yawan abin da aka yi da sunan tallafi a ƙasar nan bai taɓa inda ciwon yake ba. Na yi aikin shirya shirye-shirye a gidan talabijin, yanzu ina horar da matasa irinku, kuma abin da idona ya gani shi ne ɗan fim na Hausa ya iya haɗa fim ko ta halin ƙaƙa. Inda yake faɗuwa shi ne wajen sayarwa. Duk tallafin da bai gyara wannan ba, ko nawa ne, zai ƙare ya bar ka inda ya same ka.

Hannun gwamnati a harkar nan ya daɗe. Kakanninmu a majigi suka fara ganin hoto mai motsi: motar gwamnati ta zo ƙofar fada ko filin kasuwa bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake noman auduga ko tsabtace rijiya. A 1962 gwamnatin Arewa ta buɗe talabijin a Kaduna, a 1977 aka kafa NTA, a 1979 aka kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya wadda take Jos. Su Ƙasimu Yero da Samanja da Karkuzu duk a gidajen gwamnati aka san su. Gidan ne yake da kyamara, shi yake da ɗakin ɗauka, shi yake biyan mai sauti da mai haske albashi, ɗan wasa ya zo ya yi nasa a sallame shi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma aikin ba ya yankewa, duk mako sai an fitar da sabon shiri, kuma a haka mutane suka goge.

Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, sai aka ce gidajen gwamnati su nemi na kansu. Gidan da yake biyan ka ka yi masa wasa ya koma sayar maka da fili: kai za ka kawo shiri, kai za ka kawo kuɗin sa shi. Finafinan kaset da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990 a wannan giɓi suka taso, da kuɗin aljihun mutane, kuma da yawa daga waɗanda suka fara su 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne da suka koyi aikin a talabijin ɗin gwamnati.

Abin da ya riƙe masana'antar shekara da shekaru shi ne kasuwa mai tsari, duk da cewa ba hukuma ce ta tsara ta ba. Furodusa ya gama fim, ya buga kwalinsa dubu kaza, ya kai wa 'yan kasuwa a Kano, a Ƙofar Wambai ko Bata. Su suke da injinan kwafa, amma ƙa'ida ita ce kaset ba ya fita sai cikin kwalin da aka saya a hannun mai fim. Yawan kwalin da ya sayar, yawan kuɗinsa. Daga can kaya su hau motocin Katsina da Daura, su tsallaka Jibiya zuwa Maraɗi, su bi ta Kwangwalam zuwa Damagaram. Akwai cuta a ciki, ana cin bashi ba a biya, amma mutum yana iya lissafin abin da zai dawo masa tun kafin ya kunna kyamara.

Waya da ɗan katin memori suka rushe wannan lissafi. Je ka bakin tasha yau, za ka ga yaro da kwamfuta a kan teburi ƙarƙashin lema, an rubuta sunayen finafinai a allo, mutum ya miƙa waya a tura masa guda biyar da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, wanda ya yi fim ɗin kuwa ko labari bai ji ba. A kwamfutar nan akwai finafinan Indiya masu fassarar Hausa, waɗanda aka kashe musu kuɗin da ba mu taɓa riƙewa ba, kuma farashinsu ɗaya da naka. Shi ya sa kowa ya koma YouTube da fim mai dogon zango. Ka san halinsa fiye da ni: sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara raba kuɗin talla da kai, kuma tallar da ake ɗora wa mai kallo daga Nijeriya ko Nijar ba ta da tsadar wadda ake ɗora wa na Ingila ko Amurka. Za ka ga bidiyo ya tara jama'a kamar me, abin da ya shigo bai biya kuɗin mota da abincin lokeshan ba.

A kan wannan yanayi tallafin tarayya ya riƙa sauka. A 2010 Shugaba Jonathan ya sanar da asusun dala miliyan 200 domin harkar nishaɗi, bashi ne ta hannun Bankin Masana'antu da bankin NEXIM. A 2013 ya ƙaddamar da Project ACT Nollywood na naira biliyan 3, wannan kyauta ce, aka kasa ta uku: horo, shirya fim, da rarrabawa. Wasu 'yan Arewa sun amfana, musamman ta ɓangaren horo. A 2019 Babban Banki da bankunan kasuwanci suka fito da bashin masu fasaha, a lokacin mai shirya fim yana iya karɓar har naira miliyan 30, mai rarrabawa har miliyan 500, a kan kuɗin ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. A 2023 aka ƙaddamar da shirin iDICE na sama da dala miliyan 600 domin fasahar zamani da ƙirƙira, kuma a shekarar aka ware wa al'adu da ƙirƙira ma'aikata, aka ba Hannatu Musawa, 'yar jihar nan ta Katsina. A Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai. Saboda haka ba ƙarya kuke ji ba, an ware kuɗi.

Abin da ya hana su isowa yana cikin takardar neman. Ana tambayar rajistar kamfani, asusun banki da ya daɗe yana motsi da sunan kamfanin, lissafin da akanta ya duba, shaidar biyan haraji, wani lokaci da jingina ko mai tsaya maka. Sannan babbar tambaya: ta ina kuɗin za su dawo? Mai fim na Legas zai ajiye yarjejeniyarsa da gidajen sinima, ko da DStv, ko da Netflix. Sinimomin zamani a Legas da Abuja da 'yan wasu manyan birane suka taru. Kai me za ka ajiye? Muna yawan cewa an ware mu ne don mu 'yan Arewa ne, kuma ba na musun cewa sanayya tana aiki. Amma ko ɗan unguwarku ne yake zaune a kujerar bankin, ba zai sa hannu a bashin fim ɗin da ranar fitarsa za a fara tura shi a waya kusan kyauta ba. Daidai yake da a ba manomin tumatir na Ɗanja taki da iri a bashi, alhali babu motar da za ta kai kayan kasuwa: ya noma da kyau, kayan su ruɓe, bashi ya tsaya masa a wuya.

Sai kuɗin ruwa. Kashi 9 rangwame ne babba a ƙasar da bankuna suke ba da bashi a sama da kashi 20, amma ga wanda yake gudun riba, kaɗan da yawa duk ɗaya ne. Na san matasa masu hazaƙa da ko fom ba su karɓa ba saboda wannan, kuma ba na ganin laifinsu. Abin da yake ba ni takaici shi ne maganin yana hannu. Tun 2012 bankin Jaiz yake aiki, TAJ ya biyo baya a 2019. Kayan aiki ana iya ba da su ta hanyar haya ko sayarwa da ribar da aka sani tun farko. Shi kansa fim, tsarin musharaka ya fi dacewa da shi a kan bashi, domin sana'a ce da wani ya ci wani ya faɗi: mai jari ya sa kuɗi, ku ma ku sa naku jarin da aikinku, a raba riba, in an yi asara a raba gwargwadon jarin kowa. Duk shirin tallafin da aka tsara domin Katsina da Kano da Sakkwato ba tare da wannan ƙofa ba, an rufe wa rabin masu buƙata tun daga bakin zaure.

Akwai kuma son gini. Shugabanni suna son abin da za a yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta Kano. Malamai da jama'a da dama suka tashi, cikin ɗan lokaci aka janye. Har yau wasu 'yan fim suna jin zafin abin, kuma na fahimce su. Amma ni darasi biyu na ɗauka. Na farko, an sanar da aikin kafin a zauna da mutanen da za a gina shi a cikinsu. Uban da yake tambayar me za a riƙa yi a wurin da samari da 'yan mata za su kwana suna aiki, tambayarsa halattacciya ce, kuma amsa take buƙata da tsari a rubuce, ba a kira shi maƙiyin ci gaba ba. Na biyu, ko da an gina, teburin yaron nan na bakin tasha yana nan. Da an samu ɗakin ɗauka mai kyau, a ci gaba da yin finafinan da ba sa dawo da kuɗi.

Dubi yadda waɗanda abin ya yi wa aiki suka yi. Faransa ta kafa hukumar fim ɗinta, CNC, a 1946. Kowane tikitin sinima da aka sayar a ƙasar, ko fim ɗin Amurka aka shiga kallo, ana cire kusan kashi 11 cikin 100 a zuba a asusun hukumar. Gidajen talabijin suna zubawa, masu nuna fim ta intanet ma yanzu suna zubawa. Wani kaso yana komawa wa furodusa gwargwadon yadda fim ɗinsa ya samu masu kallo, amma ba a miƙa masa a hannu, sai dai ya kashe a fim na gaba. Wani kason kuma, tun 1959, kwamiti ne yake karanta labarai ya ba da kuɗin somawa, har ga wanda bai taɓa yin fim ba, a biya in fim ya yi kasuwa. Koriya ta Kudu ta wajabta wa sinimomi nuna finafinan gida kwana 146 a shekara, sai a 2006 aka rage zuwa 73 lokacin tattaunawar ciniki da Amurka. Abin da ya haɗa su shi ne doka ce take tafiyar da abin, ba alherin shugaba ba, kuma dukkansu wurin nunawa da hanyar dawowar kuɗi suka fara tsarewa. Mu ba mu da sinimomin da za a cire wa kaso. Abin da muke da shi talabijin ne da waya, don haka a nan za a yi aikin.

Misali mafi kusa shi ne Arewa24. An buɗe ta a 2014, kuma da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fara, ta hannun ƙungiyar Equal Access. Tashar ta riƙa ɗaukar marubuta da daraktoci da 'yan wasa tana biya, tana fitar da shiri duk mako a kan lokaci. Cikin 'yan shekaru salon fim mai dogon zango ya kafu, sababbin fuskoki suka fito, masu talla suka gane cewa mai jin Hausa ma yana sayen sabulu da katin waya. Abin da gidajenmu na gwamnati suke yi a da, shi aka dawo da shi. Yana mini ciwo cewa sai da wata ƙasa ta ga amfanin yi wa Bahaushe magana da harshensa a talabijin, alhali jihohinmu suna da tashoshi da ma'aikata da eriya, suna sayar da fili.

To me Katsina za ta yi? In aka ce in zaɓi abu ɗaya, zan ce jiha ta zama mai saye. A ware wa gidan talabijin na jiha, KTTV, kuɗin sayen shirye-shirye daga masu zaman kansu duk shekara. A sanar a rediyo da Hausa cewa ana neman labarai. A cire sunayen marubuta kafin kwamiti ya karanta, kwamitin kuma ya ƙunshi marubuci, malamin addini, malamin jami'a, mace mai sanin harkar, da wanda ya san kasuwa. Wanda ya ci, a biya shi kashi uku: in an sa hannu, in an gama ɗauka, in ya kawo aiki. A sa sharaɗin cewa mafi yawan ma'aikata 'yan jiha ne, kuma kowane sashe da ɗan koyo. Tasha ta riƙe ikon nunawa na shekara guda, amma mallakar fim ta zauna a hannun mai shi, ya ɗora a YouTube, ya sayar wa wata tasha, ya kai Nijar. A buga sunayen waɗanda suka samu da nawa aka ba kowa. Da irin wannan takarda a hannunka, in ka shiga banki kana da abin ajiyewa a kan teburi, kuma a nan ne kuɗin tarayya za su fara samun hanyar Daura.

Ba sai an ƙirƙiro sababbin kuɗi masu yawa ba. Ma'aikatun lafiya da ilimi da noma suna kashe kuɗi a wayar da kai a kan rigakafi, shaye-shaye, karatun 'ya'ya mata, da zaman manoma da makiyaya. Uwar da ba za ta tsaya karanta allon talla ba, za ta bi labarin wata uwa irinta mako goma sha uku ba ta tsallake ko ɗaya ba. Haɗarin da nake gani guda ne, kuma babba ne: ranar da shirin ya koma yabon gwamna, ranar masu kallo za su canja tasha. Dole a bar marubuci ya nuna asibitin da babu magani in labarinsa ya kai can. Shi ya sa nake so abin ya zama doka daga Majalisar Dokokin jiha, da kwamitin da ba a sauke shi don an canja gwamnati.

A nan zan faɗi abin da wasu abokan sana'a ba sa son ji. Motar da aka ba jarumi lokacin kamfe, da kujerar Makka, da muƙamin mataimaki na musamman, kyauta ce tsakanin mutum da mutum. Allah ya sanya alheri, amma kada a rubuta ta a matsayin tallafi ga masana'anta. Mai riƙe fitila da mai ɗinka kayan wasa ba su ga komai ba, kuma tana koya wa matasa cewa hanyar arziki a fim ita ce kusantar ɗan siyasa, ba gyara aiki ba.

Bayan saye, sai kayan aiki da horo, kuma a fara da sauti. Na sha zama da matasa a ɗakin tace hoto muna kallon abin da suka ɗauko a zaure. Dattijon da suka samu ya yi magana mai ratsa jiki, fuskarsa ta fito tsaf, amma makirfon yana kan kyamara taku biyar daga bakinsa, janareto yana ruri a bayan katanga, babur ya wuce a tsakiyar jimla. Sai ka ga yaro ya dafe kai, domin dattijon ya koma ƙauye kuma babu kuɗin sake fita. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji magana ba zai wuce. Makirfo mai sanda, na'urar naɗar sauti, fitilu masu batir, da ɗakin tacewa mai sola, ba kayan biliyoyi ba ne. A ajiye su a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina da ta tarayya da ke Daura, a riƙa ba ƙungiyoyi masu rajista haya da rahusa, kuɗin hayar su tafi gyara. Horo kuma a daina tara mutum ɗari a otal kwana uku a raba takardar shaida. A ɗauki kaɗan, a riƙe su watanni, a kan rubutun labari, sauti, tacewa, fassarar ƙasan allo, da lissafin kuɗi. Marubuci shi ne wanda aka fi rainawa a biya, kuma daga wurinsa yawancin finafinanmu suke lalacewa.

'Yan dawunlodin kuwa, kama su ba zai yi ba. Sun yi yawa, kuma su ne suke kai fim ƙauyen da data ba ta isa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta ba da damar a sa a sauke aikin da aka sata aka ɗora a intanet, wannan ci gaba ne. Amma na bakin tasha, abin da ya fi shi ne a yi musu rajista ta ƙungiyarsu, su riƙa sayen izinin kowane sabon fim a kan kuɗi sananne, hukuma ta tsaya a tsakani ta tabbatar kuɗin sun isa ga mai shi. Haka gidajen kallon ƙwallo da suke kowace unguwa: ga allo, ga benci, ga janareto, kuma ba kullum ake wasa ba. Da lasisi da ƙa'ida, da lokacin mata da iyali daban da rana a zauren da ya dace, ga ƙananan sinimomi nan ba a aza tubali ko ɗaya ba.

Jihar nan tana da abin da kuɗi ba sa ginawa: rijiyar Kusugu, fadar Daura, hasumiyar Gobarau, tsohuwar Kwalejin Katsina, kaburburan Durɓi ta Kusheyi, hawan Sallah, Sallar Gani. Ofis guda da zai ba da izinin ɗauka, ya haɗa ka da masarauta da jami'an tsaro, ya faɗa maka inda ya halatta da inda bai halatta ba, zai jawo masu fim daga Kano da Kaduna su zo su kashe kuɗinsu a nan. Tsaro kuwa sharaɗi ne, babu furodusan da zai kai mutum talatin dajin Batsari ko Safana in hankalinsa bai kwanta ba, kuma wannan yana cikin gaskiyar Baba. Tacewa ma tana cikin tallafi in an yi ta da ƙa'ida. Tarayya tana da hukumar tace finafinai tun 1993, Kano tana da tata tun 2001. Lokacin da aka dakatar da shirya fim a Kano a 2007, da yawa sun kwashe kayansu zuwa Kaduna da wasu garuruwa. Mai zuba jari yana iya zama da doka mai tsauri in a rubuce take kuma an duba labarinsa kafin ya kashe kuɗi. Abin da yake kore shi shi ne hukuncin da zai faɗo bayan an gama aiki.

Akwai aikin da babu ɗan kasuwar da zai yi, sai hukuma: adana tsofaffin kaset. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 an ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, wata cibiya a Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ka yi tunanin abin da yake kwance a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da talabijin namu: wasannin Shata, hawan sarakunan da suka rasu, hirarrakin dattawan da suka ga zamanin En'e. Zafi da ƙura suna cin kaset. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ta samu kuɗin mayar da su kwamfuta tun ana iya kunna su.

Yanzu ga maganar Baba. In tallafin raba kuɗi ne ga 'yan gaban goshi, yana da gaskiya ɗari bisa ɗari, gara a sayi magani. Amma tsarin da na zayyana kuɗinsa kaɗan ne a cikin kasafin jiha, kuma aiki ake saye da su. Fim guda yana ciyar da tela, kafinta, direba, mai abinci, mai kwalliya, mai gyaran lantarki, da mai gidan da aka ara. Da aka sake lissafin arzikin ƙasa a 2014, fim da waƙa sun kai kusan kashi 1.4 cikin 100. Rahoton UNESCO na 2021 ya ƙiyasta cewa harkar tana ɗauke da mutum miliyan 5 a Afirka, kuma tana iya kaiwa miliyan 20. Saurayin da ya tashi da asuba yana da lokeshan da zai je, yana cikin maganar tsaro. Sannan ka tambayi Baba cikin ladabi me jikokinsa suke kallo a waya da dare. Kallo dai za su yi. Abin da ya rage mana shi ne ko za su ga gidan da ya yi kama da nasu, ana gaisuwa yadda muke yi, ana Hausar da ba a karya ba, ko kuwa sai abin da wasu suka dafa.

Ku kuma kada ku zauna jira. Ku yi rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ku buɗe asusu da sunansa, duk abin da ya shigo daga YouTube ko talla ya bi ta nan, ko kaɗan ne. Ku sayi littafi ku riƙa rubuta abin da kowane fim ya ci da abin da ya kawo. Ku rubuta yarjejeniya da marubuci da 'yan wasa da mai waƙa, kowa ya sa hannu, domin ranar da wata tasha za ta so sayen aikinku, tambayar farko ita ce wa ya mallake shi. Ku adana alƙaluman masu kallonku, da ƙasashen da suke, su ne shaidarku a gaban mai talla. Ku shiga reshen jiha na MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, domin ta ƙungiya sanarwa take fara zuwa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sa sunanku a jerin masu tallafi, ku rabu da shi, ku bincika a ofishin hukumar da aka ambata. Sannan ku haɗu da sauran ƙungiyoyin Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu, ku rubuta takarda shafi biyu a kan sayen shirye-shirye da hayar kayan aiki, da lissafin abin da zai ci, ku kai wa 'yan majalisarku na jiha kafin a gabatar da kasafin kuɗi, ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa domin ku samu abin bibiya.